Libarbar Kakana

Shekarun baya, lokacin ina ganin babu abin da zai gagari hannuna, na taɓa kwashe watanni ina ƙera bindiga. Kada hankalin kowa ya tashi, wadda na ƙera ko ɓera ba ta kashewa sai dai in an maka masa ita a ka. Sana'ata zubin tukwanen sanholo ce a Magazin ta Suame, unguwar masu aikin ƙarfe a Kumasi, irin manyan nan da ake dafa waakye, wato shinkafa da wake, a cikinsu ranar biki. Da ni da bindiga sai dai a fim. Abin da ya haɗa mu kuwa a tsakar gidanmu na Zongo ya faru, kuma ba na nan, ba ni labari aka yi.

Wata rana da hantsi mata suna tsakar gida, wasu na wanki wasu na tsintar shinkafa, sai ga 'yata ta fito daga ɗakin kakana da goyo a bayanta. Lokacin ko makaranta ba ta shiga ba. Ta ɗaure goyon da ɗankwalin uwarta, tana jijjigawa tana cewa ya yi shiru. Kowa ya sa dariya, har sai da matata ta hango bakin bindiga ya leƙo ta saman ɗankwalin, daidai ƙeyar yarinyar. An ce mahaifiyata ce kaɗai ba ta daskare ba. Ta tako a hankali tana yi wa yarinyar kirari, ta ce ta kawo jaririn ta yi masa wanka, ta kwance goyon ta mayar da shi ɗakin kakana.

Kafin in dawo daga aiki matata ta haɗa kaya. Ba ta yi mini faɗa ba, ita dai ta ce, "Ba yaji na yi ba, ka ji da kyau. Ina gidanmu a Asokore Mampong. Ranar da ƙarfen nan ya bar gidan nan, ranar za mu dawo." Na san tana da gaskiya.

Kakana shi ne mahaifin mahaifiyata. Mutumin Nijar ne, da ƙafa ya fara shigowa Kumasi a bayan garken shanu tun yana saurayi, ya yi fataucin shanu har ƙarfi ya ƙare. A lokacin da nake ba ku labari idanunsa sun rufe, sai dai kunne da baki, su kam ba abin da ya taɓa su. Duk gidan an san akwai tsohuwar libarba a ƙarƙashin matashinsa, bindigar hannu irin mai ganga a tsakiya da ake jera harsasai a ciki. An sani, ba a faɗa. Babban abin tsoron shi ne da harsasai a cikinta, kuma tsatsa ta kulle ta, ba ta buɗuwa balle a fitar da su. Ba wanda ya san ko sun mutu ko suna da rai.

Kawuna, babban ɗansa, shi ya fara gwadawa. Ya shiga ya durƙusa, ya kawo maganar doka, ya kawo ta addini, ya ce yanzu ma hukuma ta yi shela duk mai bindiga ba takarda ya miƙa ba abin da za a yi masa. Tsoho ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ka gama? To a gaida gida." Da kawu ya fito sai ya ce a bari kawai tsohon ya shiga wanka a ɗauke. Nan mahaifiyata ta tsaya kai da fata. Ta ce ba za a yi wa ubanta sata a cikin gidansa ba don ya makance, kuma duk wanda ya yi haka shi zai ɗauki alhakin abin da zai biyo baya, don ta san halinsa, abinci zai daina ci.

Sai ya rage saura ni. Abin da ɗa ba zai iya faɗa wa uba ba, jika yana faɗa cikin wasa ya kwana lafiya. Na shiga na zauna a bakin gadonsa na ce, "Tsoho, ka kore mini mata, ka kore mini 'ya. Yanzu kai za ka riƙa tuƙa mini tuwo?"

Ya ce, "Kai dai ragon namiji ne. Ni na koro shanu tun daga Tawa har Kumasi ba wadda ta ɓace mini, kai mace guda ta gagare ka."

Muka yi dariya, sannan na tambaye shi tsakani da Allah me ƙarfen nan yake yi masa. Ba ya gani, balle ya auna ɓarawo. Ya ce hannunsa ne ya saba. In ya farka, dare da rana duk ɗaya ne a wurinsa, sai ya laluba ya taɓa ta sannan yake sanin a ɗakinsa yake. Ban san lokacin da bakina ya ce, in dai don hannu ne, ni zan ƙera masa wata. Ya yi dariya har da tari.

"Mai tukunya zai ƙera libarba. To ji nan. In ka ƙera wadda hannuna ya kasa rarrabewa da tawa, a kira hukuma su tahi da tawa. In ka kasa, ku bar ni da abina. Amma ba ta fita ɗakin ga, nan za ka zo ka auna."

Na ce na yarda. A raina na ba kaina mako biyu.

Ranar awon farko ban yi abin kirki ba. Shi ya riƙe ta, bakinta na kallon bango, ni kuma na tsaya daga nesa ina miƙa tsinken tsintsiya ina karyawa daidai tsawon kowace gaɓa. Gumi har cikin idona. Ya ji numfashina ya ce, "Mi kake rawar jiki? Ta girmi uwarka, ba ta taɓa cizon kowa ba." Na kwashi tsinkayena na fita, na sassaƙa siffarta da katako, na danna a yashi na zuba sanholo kamar yadda nake zuba murfin tukunya. Ta fito fes tana sheƙi. Na shafa mata baƙin fenti na kawo ina taku ɗai-ɗai.

Ko daƙiƙa ba ta yi a hannunsa ba. Ya jefa ta sama ya cafe, ya ce wannan ai ludayi ne. Sannan ya shafa ƙotar ya ce, "Kuma wannan ta 'yan fim ce. Ka zo ka kalli tawa, ka koma ka ƙera wadda ke cikin kanka." Gaskiya ya faɗa. Inda tsinke bai auna ba, hannuna ya cike da abin da ya saba gani a talabijin, ƙota miƙaƙƙiya mai faɗi, alhali tasa a lanƙwashe take kamar kan sanda, ga kuma ɗan zobe a gindinta da ban ma lura da shi ba.

A ranar ne ya fara ba ni tarihi, ina zaune da ludayina a cinya. Ya ce ba da libarba ya fara ba. Ta farko 'yar gajeriyar bindigar toka ce da wani maƙeri ya yi masa a hanya, harbi ɗaya tak. Sai ka zuba albarushi, ka cusa tsumma, ka danna, ka duba ƙanƙarar da ke ba da wuta. In ruwan sama ya taɓa ta kuwa ta zama sanda. Libarbar daga hannun wani tsohon soja ya same ta, cikin waɗanda suka dawo daga yaƙin Turawa. Ya ce ranar da ya ga abu ɗaya yana ɗaukar harsasai da yawa, ganga na juyawa tana kawo na gaba da kanta, sai ya ga an gama dabara a duniya. Ashe ba a gama ba. Daga baya ya ga masu faɗi a ƙugun jami'ai a kan iyaka, waɗanda harsasan ke cikin ƙota, sannan ya ji an ce na 'yan sandan yanzu rabin jikinsu roba ce kamar bokiti.

"Kowace ta zo ta fi ta baya sauri," in ji shi. "Ni kuwa ta tokar nan ta taɓa yi mini rana. Wani ya zage ni a mashayar shanu, na jawo ta. Kafin in gama zuba albarushi in danna, zuciyata ta huce, shi ma ya ba da haƙuri. Da ta yanzu ce a hannuna da ba a haifi uwarka ba."

Na fita ɗakin da kunya, amma na fita da niyyar da ta fi ta shigowa. Washegari na nufi shagon abokina, wani Ba'asante ɗan asalin garin, mai aikin injin gyaran ƙarfe a layin bayanmu. Tare muka taso a Magazin, Hausarsa irin ta Zongo ce. Ya juya ludayin nawa ya ce, "Chale, abokina, wannan ba aikin zubi ba ne, aikin fayil ne, sai an bi ana gogewa. Ƙarfe na gaskiya za ka nema." Sannan ya kafa mini sharaɗi tun kafin in roƙa. "Amma dunƙule za a yi shi, ba rami, ba komai a ciki. Ni ba ni son polisi ya zo shagona koraa, ko sau ɗaya." Na ce abin da nake so ke nan, gunki nake nema ba makami ba.

Shi ne ya jawo waya muka shiga kallon hotunan tsofaffin bindigogin hannu don mu gane irin ta tsoho. Na zo neman abu ɗaya na ɓuge da kallon wani. Ga masu ƙanƙara irin wadda ya faɗa. Ga wasu da aka ɗaure bututu da yawa wuri ɗaya kamar damin rake, don a samu harbi fiye da ɗaya, nauyi ya yi musu yawa. Sai wani ya ce a bar bututu ɗaya, gidan harsashin ya riƙa juyawa. Sai wani ya ga ɗurawa na cin lokaci, ya yi wadda ke karyewa a tsakiya ta zubar da kwanso gaba ɗaya, irin ta kakana ke nan, kuma zoben nan na gindi don igiya ne da soja ke ratayawa kada ta faɗi. Duk wanda ya zo, ƙorafin da aka yi a kan na gabansa yake gyarawa. Wannan na gane shi sarai, don haka muke yi da tukunya, wani ya ƙara kauri a gindi, wani ya canza kunne. Abin ya burge ni a matsayina na mai sana'ar hannu, ya kuma dame ni, don duk wannan basirar wuri ɗaya ta nufa, kuma na ga inda bakinta ya tsaya a ƙeyar 'yata.

Mako biyun nan nawa suka zama watanni. In na tashi daga tukwane sai in koma shagon abokina in kama fayil. Hannun da ya saba da sanholo mai laushi ya gamu da gamonsa, tafina ya yi ruwa ya fashe ya yi kanta. Ran Lahadi in hau trotro, motar haya, zuwa Asokore Mampong da ledar burodi. Surukina mutumin kirki ne, amma duk zuwa sai ya tambaye ni, "Malam maƙeri, ya aikin gwamnati?" Matata ba ta taɓa cewa in yi sauri ba, ba ta kuma taɓa cewa za ta sassauta ba. 'Yata kuwa tambayarta ɗaya ce kullum, wa yake kai wa Baba Tsoho koko. Da ma ita ce mai kai masa kowace safiya, tana riƙe da kofi da hannu biyu rabi na zuba a hanya, shi kuma yana kiranta amaryarsa. Tun da ta tafi ya ce kokon gidan ya lalace, alhali mai kokon ba ta canza ba.

Akwai ranar da na dawo daga can na zauna a tashar mota na ji kamar in bi shawarar kawu a huta. Wanka ɗaya ne, in shiga in ɗauke, a yi fushi a gama. Abin da ya hana ni shi ne na riga na ba tsohon hannu, kuma na lura tun da muka fara wannan caca ya dawo da walwalarsa, kullum yana jiran in shigo ya ci mini fuska. Na ce ko hannun zai guntule sai na kai ƙarshe.

Ta biyu ta fito da nauyinta daidai, mun yi ta aron sikelin mai nama ina kaiwa ɗakin tsoho yana ɗora tasa, har mai naman ya gaji da mu. Ƙotar katako, a lanƙwashe, da zobenta. Sai kuma shaiɗanin gwaninta ya shige ni. Na ce tun da a hoto gangar juyawa take, bari in sa tawa ta juya. Na ɓata kwanaki a kan wannan kaɗai, har ta riƙa juyawa sumul tana ba da 'yar ƙara mai daɗi. Abokina ya ce, "Wannan ya yi fain paa, ya yi kyau sosai, tsoho zai ba ka shanu." Na naɗe ta a tsumma na kai.

Wannan karon ya daɗe da ita. Ya auna a tafi, ya sa ƙaramin yatsa a zoben, ya gyaɗa kai. Sai babban yatsansa ya taɓa gangar ta juya. Ya tsaya cak.

"Wa ya ce ka gyara?"

Na ce ai haka asalinta yake. Ya ce shi bai aike ni asali ba, tasa ya ce in ƙera, kuma tasa rabonta da juyawa tun shekarar da gwamnati ta kori baƙi daga ƙasar nan. Ban taɓa jin ya yi maganar wannan shekarar ba sai ranar. Ya ce da aka ba su wa'adi su bar ƙasar, shanu ya sayar da su a wulaƙance, kaya kuwa abin da kai zai ɗauka kawai. Ya san in aka kama shi da bindiga a hanya ya shiga uku, sai ya shafe ta da man shanu, ya naɗe a fata, ya binne a gindin bangon bayan gida. Ya kwashi iyali suka tafi Nijar, mahaifiyata tana 'yar yarinya. Da abubuwa suka lafa ya dawo, ya tarar da wasu a ɗakunansa, rumfarsa ta kasuwa ta zama ta wani, waɗanda ya bar wa amana kowa ya kawar da kai. Ya je gindin bango ya tona.

"Ita kaɗai na iske inda na bar ta," in ji shi. "Ta yi tsatsa, ta cika da ƙasa, amma tana nan. Daga nan na sake farawa."

Ban yi masa wasa ba ranar. Na ji tausayinsa ƙwarai, na kuma gane abin da nake ƙoƙarin raba shi da shi. Na ɗauki kayana zan fita sai ya ce in dawo in zauna. Ya ɗora mini ta gasken a tafin hannu, karo na farko, ya ce, "Rufe ido. Ni ba da ido nike ganinta ba." Na rufe. Na riƙe ta kamar ƙwai, ko motsi ban yarda ta yi ba, na bi ta da yatsa. Sai ga abubuwan da ido bai nuna mini ba: ƙananan ramukan da tsatsa ta ci a gefe ɗaya, tsagewa a ƙota da aka ɗaure da zaren fata, wani wuri da ya yi santsi saboda shekarun da babban yatsansa ya yi yana gogawa. Kwana da kwanaki ina zuwa ina wannan karatun.

Daga nan aikin ya koma ɓatawa. Na kashe gangar da walda, abokina yana kallo kamar zai yi kuka. Na bi jikinta da ƙusa da guduma ina yi mata ramuka. Na tsaga ƙotar da hannuna na ɗaure da fata. Na goge wurin yatsa har ya yi santsi. Sannan na binne ta a bayan shago ina zuba mata ruwan gishiri safe da yamma kamar mai rainon shuka, maƙwabta suna tambaya ko asiri nake yi. Da na tono ta na shafe ta da man shanu, na bar ta ta sha hayaƙin murhu. Da na rufe ido na shafa, ni kaina sai da gabana ya faɗi.

Aka sa rana bayan la'asar. Kawu ya zo, mahaifiyata ta shimfiɗa buzu a gaban tsoho, ta ajiye su biyun bakinsu na kallon bango, ta sauya musu wuri yadda ba zai bi sawu ba. Ya yi bisimilla ya ɗauki ta dama. Ya auna, ya shafa, ya sa yatsa a zobe, ya sunsuna, ya ɗaga ta kusa da kunnensa kamar mai sosa wuya, ya ajiye. Ya yi wa ta hagu haka. Ya sake komawa kan ta dama ya daɗe yana riƙe da ita, babban yatsansa na kai da komo a wurin nan mai santsi.

Sai ya tura ta dama gabana da bayan hannu, ya ɗauki ta hagu ya ɗora a cinya.

"Ɗauke tarkacenka. Ga tawa nan."

Wadda ya ture ita ce ta gasken. Na ce, "Tsoho, ka faɗi. Wadda ke cinyarka ita ce tawa." Ya juya fuska wajen mahaifiyata ya tambaye ta ko haka ne, ta ce haka ne Baba. Sai ya ce, "To. Mai tukunya ya ci. Magana guda ce, a kira su." Ya cusa tawa a ƙarƙashin matashi, ya gyara zama ya ƙara da cewa, "Kuma a tahi a ɗauko mini amaryata. Na gaji da kokon ga maras daɗi."

Ta hannun mai unguwa aka bi, jami'ai suka zo da kansu suka ɗauka, suka duba tawa suka ga dunƙulen ƙarfe ne, suka ce dai kada ta fita ƙofar gida. Washegari na je Asokore Mampong da tasi, ba trotro ba. Da safe na tsaya a tsakar gida ina kallon 'yata tana tafiya da kofi a hannu biyu, koko na zuba a ƙasa, tsoho na jiyo takunta tun daga nesa yana yi mata kirari.

Ni kuwa ba a magana. Duk Magazin ba wanda bai ji labarin mai tukunyar da ya ruɗi hannun Alhaji ba. Ina ƙara gishiri duk lokacin da na maimaita. Tsoho ya yi 'yan shekaru bayan haka, kuma duk sanda na tsokane shi da maganar sai ya ce sa'a ce kawai na taka.

Bayan rasuwarsa, ranar sadakar arba'in, ina zaune cikin baƙi na sake ɗauko labarin. Da aka watse mahaifiyata ta kira ni ɗakinsa tana naɗe kayansa. Ta ɗaga matashi ta miƙo mini ƙarfen ta ce in girgiza shi kusa da kunnena. Na girgiza, shiru. Ta ce, "Tasa tana ƙara. Ƙasar da ta shiga cikinta tun da aka binne ta ba ta gama fita ba, in an girgiza sai ka ji sur-sur kaɗan. Kowace asuba in na shigo da ruwan alwala ina samunsa yana girgiza ta a kunne. Ranar nan ma a gabanka ya yi, kai kana can kana kallon yatsunsa."

Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa faɗa mini ba. Ta ce shi ya hana. Ya ce yaro ya sha wahala, a bar shi da abinsa. Ta ce kuma tun daga ranar ba ta sake ganin ya kai hannu kunne ba, sai dai ya laluba ya taɓa, ya janye.

Na zauna a bakin gadon na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ashe tun da ya ji labarin goyon nan ya riga ya yanke shawara. Abin da ba zai iya ba shi ne a ce 'ya'yansa sun shigo sun karɓe, ko an lallaɓa an sace don ba ya gani. Hanya yake nema da zai bayar da kansa, a gaban shaidu, a kan maganar da shi ya kafa. Watannin da na yi ina fama da fayil, ni ina ganin hannunsa nake neman ruɗawa, ashe aikin da nake yi shi ne in kai inda zai iya cewa ya faɗi ba tare da kowa ya ga alfarma ya yi ba. Shi ya sa bai karɓi ludayin farko ba, bai karɓi mai juyawa ba.

Har yau ina zubin tukwane, kuma na rage cika baki, ko da yake matata za ta ce ba sosai ba. Ƙarfen mun yanka shi gunduwa-gunduwa ni da abokina, ya tafi cikin kayan gwangwan. Zoben gindin kawai na cire, shi ne ke riƙe da makullan shagona. 'Yata ta girma, tana makarantar koyon jinya, ba ta tuna goyon nan ko kaɗan. Abin da take tunawa shi ne wani tsoho da ke shanye koko har ƙasan kofi, ya ce duk Kumasi ba mai kawo shi da daɗi sai ita.